Tambaya da Amsa: Inshorar tafiya waje, me take biya, me ba ta biya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Kwanakin nan akwatin saƙonmu ya cika da maganar inshorar tafiya, wata tambayar ma mutum biyar suka aiko ta kowa da irin bakinsa, don haka na tsinci waɗanda suka fi taɓa jama'a, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, zan je Italiya ganin wasu injina, ejan ɗina ya ce sai na biya kuɗin inshora kafin a shigar da takarduna embasi, na ba shi ya kawo min wata takarda shafi ɗaya. Wai dole ce ko dai hanyar cin kuɗi ce kawai?

Amsa: Alhaji dole ce, a nan ejan bai yi maka ƙarya ba. Italiya tana cikin ƙasashen Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, su 29 ne yanzu tunda Bulgeriya da Romaniya suka shigo, kuma dokar bizarsu ta 2009 ta ce duk mai neman bizar ɗan gajeren zama sai ya nuna inshorar lafiya wadda za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000, ta yi aiki a duka ƙasashen ba Italiya kaɗai ba, ta ɗauki duk kwanakin da za ka yi, kuma ta haɗa da jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, ɗauko mutum a dawo da shi gida in jiki ya yi tsanani, har da dawo da gawa in ta Allah ta kasance. In ɗaya daga cikin nan babu a takardar za su iya hana ka bizar, kuma yuro 90 ɗin da ka biya na biza ba dawowa za su yi ba.

Amma abin da ya tsaya min a rai a tambayarka shi ne "shafi ɗaya" ɗin nan. Bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. Wasu shekaru da suka wuce mun je Jamus ni da wani ɗan'uwana, dare ɗaya ciwon ciki ya turnuƙe shi yana ta murƙususu a ƙasan ɗakin otal, gumi sharkaf ga sanyi ana yi, na buga 112 motar asibiti ta zo. A asibiti matar da ke kan tebur ta ce ina inshorarsa, ya nuna min 'yar jakar fasfonsa da hannu don ko magana ba ya iya yi, na zaro takardar an ninke ta huɗu har ta fara yagewa a wurin ninkin, ga tambari ga sa hannu ga komai. Na kira lambar da ke ƙasa, wata ta ɗauka ta ce in karanto lambar takardar, na karanta, ta ce in sake, na sake a hankali ɗaya bayan ɗaya, sai ta yi shiru na ɗan lokaci ta ce wannan lambar ta wani ce daban kuma ta ƙare tun bara. Ashe wanda ya haɗa masa takardu a gida tsohuwar takardar wani ya ɗauka ya canza suna da kwanan wata a kwamfuta ya buga. Afendis ne, sun yi masa tiyata a daren don ba sa barin mutum ya mutu saboda kuɗi, amma bil ɗin ya biyo shi, kuma sai da filinsa ya tafi kafin ya fita daga bashin nan. Wallahi har yau in na tuna shirun matar nan a waya sai gabana ya faɗi.

Don haka Alhaji kafin a kai fayil ɗinka, ɗauki takardar ka duba sunan kamfanin, ka shiga shafin NAICOM, hukumar da ke kula da kamfanonin inshora a Najeriya, ka ga ko yana cikin masu lasisi, sannan ka kira kamfanin da kanka, ba lambar da ejan ya ba ka ba, wadda ka samo da kanka, ka karanta musu lambar takardar su tabbatar maka da sunanka da kwanakin. Ka kuma ce su turo maka cikakkun sharuɗɗan ta imel, don shafi ɗayan nan shaida ce kawai ta embasi, ainihin yarjejeniyar shafuka ne da yawa. Takardar bogi in embasi ta gano ta dalili ne na hana biza kai tsaye, kuma sunanka ne zai ɓaci ba na ejan ba. Ka ƙara 'yan kwanaki a kan ranar dawowarka saboda jirgi yana iya canzawa, ka kuma tambaye su tun yanzu ko suna maido da kuɗi in ba a ba ka biza ba, wasu suna yi in ka kawo takardar ƙin, wasu ba sa yi.

Tambaya: Malam mahaifiyarmu ce ke fama da ciwon ƙoda, ana mata wanki sau biyu a sati, likita ya ce mu fitar da ita Misra ko Indiya a duba yiwuwar dashe. Wata ƙawata ta ce in muka sai inshorar tafiya mai tsada su za su biya asibitin can. Don Allah da gaske ne? Mun riga mun sai da gona.

Amsa: 'Yar'uwa Allah Ya ba Mama lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya saka muku da alheri kan wannan ɗawainiya. Ba zan ɓoye miki ba don gara ki ji yanzu da ki ji a Alƙahira, ƙawarki ba ta fahimci abin ba. Inshorar tafiya an gina ta ne kan abin da ba a zata ba, mutum ya tafi lafiya ƙalau sai mota ta buge shi, ko ya zame a banɗaki ya karye, ko zazzaɓi ya kwantar da shi. Shi ya sa kuɗinta bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da abin da take alƙawarin biya, saboda cikin ɗaruruwan da suka saya ƙalilan ne za su kwanta. To wanda ya bar gida musamman don neman magani ai ba zato ba ne, tabbas ne zai kashe kuɗin asibiti, kuma kusan duk takardar inshorar tafiya da za ki buɗe akwai layi a ɓangaren abubuwan da ba sa biya da ya ce ba ruwansu da wanda ya yi tafiya don jinya, ko ya yi tafiya likita ya hana shi, ko ciwon da ya taho da shi daga gida.

Kar kuma wani ya ba ku shawarar ku ɓoye ciwon a fom. Na san ana yi, ana cewa ai ba su sani ba. Suna sani. Ranar da kuka nemi su biya, abu na farko da likitansu zai nema shi ne rahoton asibiti, kuma mai wankin ƙoda ko ɗan koyo ya kalli hannunta da sakamakon jininta ya san ba jiya ta fara ba. Daga nan sai su soke takardar gaba ɗaya, har abin da da za su biya ma ya tafi, ga zunubin ƙarya a kai.

Abin da zai amfane ku shi ne ku sa asibitin can ya rubuto muku kiyasin kuɗin aiki a takarda, da kwanakin da za a yi, da abin da za a caje ku in aka wuce kwanakin ko aka kai ta ɗakin kulawa ta musamman, don nan ne kuɗi ke zurarewa kamar ruwa a kwando, ku kuma turo kuɗi asusun asibitin kai tsaye ba hannun ɗan tsakiya ba. Maganar dashe kuma ku sani ƙasashen nan suna da doka mai tsauri kan wanda zai bayar da ƙodar, a Indiya tun 1994 akwai dokar da ta hana cinikin sassan jiki, sai an tabbatar da dangantaka a gaban kwamiti, to ku tanadi takardun da ke nuna zumuncin tun daga gida. Su kuma masu rakiya, ke da wanda zai bi ki, ku ku sai inshorar, don ku ta dace da ku, mai jinya ma yana kwantawa, na sha ganin haka. Ita ma Mama za ku iya neman kamfanin da zai karɓe ta bayan kun faɗi gaskiyar ciwon, ya ɗauki abin da bai shafi ƙoda ba kamar hatsari, amma ku ce su rubuta muku hakan ƙarara.

Tambaya: Malam ni damuwata ta addini ce. Na taso ina jin malamai suna cewa inshora haramun ce, caca ce. Yanzu kuma ga shi ba a ba da biza sai da ita. Ya mutum zai yi?

Amsa: Ɗan'uwa tambayarka mai kyau ce, kuma ni ba mufti ba ne, amma ga yadda maganar take a wurin masana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1985 ta yanke cewa inshorar kasuwanci irin wadda aka saba akwai garari mai yawa a cikinta, wato ka biya kuɗi ba ka san ko za ka samu wani abu ba, ba ka san nawa ba, ba ka san yaushe ba, don haka ba ta halatta ba, ga kuma matsalar juya kuɗin a harkar kuɗin ruwa. A zama ɗaya kuma suka ce madadinta shi ne inshorar taimakekeniya wadda aka gina kan kyauta. Akwai manyan malamai da suka saɓa, fitacce a cikinsu Shaihu Mustafa Zarƙa na Siriya, wanda ya tafi a kan cewa tsarin inshora kansa halal ne in aka raba shi da kuɗin ruwa.

Wannan madadin shi ne takaful. Kowa ya zuba nasa a asusu ɗaya da niyyar gudummawa, wanda masifa ta faɗa wa a cire a taimake shi, kamfani ya ɗauki ladan kula da asusun, in an samu rara a ƙarshen shekara masu zubi suna da haƙƙi a ciki. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin Ash'ariyawa, mutanen da in guzurinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, kuma Annabi (SAW) ya yabe su a kan haka. Mu Hausawa ma ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu, in gobara ta cinye shagon mutum a kasuwa 'yan layinsu ke haɗa masa jari. Kamfanin farko na irin wannan a Sudan aka kafa shi a 1979, a Najeriya kuma NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke aiki da lasisi. Ka tuntuɓi masu takaful ka ji ko suna da ta tafiya, kuma ko embasin da za ka je tana karɓar tasu.

In ba ka samu ba fa? Da yawa daga malaman da suka haramta ta sun yi rangwame a inda hukuma ta tilasta, kamar inshorar mota da irin wannan ta biza, saboda lalura. Ni dai abin da nake yi kenan, in akwai takaful ita nake ɗauka ko da ta ɗan fi tsada, in babu in ɗauki wadda aka wajabta, zuciyata a natse. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne mutum ya ce yana gudun haram sai ya je a buga masa ta bogi, ka ga ya gudu daga abin da malamai suka yi saɓani a kai ya faɗa ha'inci da babu saɓani a kansa.

Tambaya: Zan kai Baba Umara, shekararsa 74, yana da suga da hawan jini. Sai na sai masa wata inshora daban?

Amsa: Allah Ya karɓa, Ya sa ka gama da shi lafiya. Bizar Umara tana zuwa da inshorarta a ciki, kuɗinta na cikin abin da ka biya, Saudiyya ta wajabta ta, kuma tana ɗaukar jinyar gaggawa har zuwa riyal 100,000, yawancin mutanenmu ba su ma san suna da ita ba, sai ka ga tsoho yana jin jiki a masauki ana ta ba shi fanadol don tsoron kuɗin asibiti. Ka sa ejan ya nuna maka ta kafin ku tashi, ka ɗauki hotonta a waya, ka riƙe 997 lambar motar asibiti da 937 ta ma'aikatar lafiyarsu. Amma gaggawa take ɗauka, ba za ta sai masa maganin sugansa na kullum ba, don haka ka ɗebo wanda zai ishe shi har da ƙari, a cikin kwalinsa na asali, da takardar likita mai sunan magungunan, kuma a jakar hannu ba a akwati ba. In daga can za ku wuce Dubai ko Misra, ta Umara ba ta bin ku, nan kam sai ka sai wata, kuma ka faɗa musu shekarunsa tun farko don kamfanoni da yawa suna ƙara kuɗi ko su rage abin da suke biya in mutum ya manyanta, wasu ma suna da shekarun da ba sa karɓa.

Tambaya: Malam ina saro kaya Dubai, abayoyi da turare da ɗan gwal. Zuwan da na yi na ƙarshe akwatina ɗaya bai fito ba a Kano, na tsaya har injin kaya ya daina juyawa aka kashe shi. Ina da inshora amma sun ce ba za su biya ba. Ba zalunci ba ne wannan?

Amsa: Hajiya na san zafin tsayuwar nan, kowa ya ja kayansa ya watse ke kina kallon bel babu komai sai wani kwali da ya fashe. Allah Ya mayar da alheri. Amma abu biyu ne a nan. Inshorar tafiya kayan jikinki take nufi, suturarki da takalmanki da abin amfaninki, kayan sayarwa ba sa ciki, gwal da tsabar kuɗi kuma ko dai an cire su ko an sa musu ɗan ƙaramin iyaka, kuma galibi in a akwatin da aka auna kika sa su ba sa biya ko sisi. Kayan kasuwa inshorar kargo ake musu, ita daban ce.

Na biyu, wanda ya fara ɗaukar alhakin akwatinki kamfanin jirgi ne. Akwai yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 da Najeriya ke ciki, ta ɗora wa jirgi biyan diyyar kayan da suka ɓace ko suka lalace ko suka makara, iyakar kuwa tun ƙarshen 2024 ta koma 1,519 na kuɗin lissafin da ake kira SDR, wajen dala 2,000 kenan ga kowane fasinja, ba kowane akwati ba. Abu mafi muhimmanci shi ne kar ki fita daga filin jirgi sai kin cike fom ɗin rahoton kaya da ake kira PIR a teburinsu, ki riƙe ɗan tikitin kayan da suka manna miki. In akwatin ya zo a fashe kwana 7 gare ki ki rubuta ƙorafi, in ya makara kwana 21 daga ranar da aka ba ki shi, in kuma kwana 21 suka wuce bai zo ba an ɗauke shi ɓatacce sai maganar biya. Ba ki faɗa min ko kin cike fom ɗin ba, in kin cike ki koma musu da shi da rasit ɗin kayan, a rubuce ba da baki ba, in suka yi ta miki yawo da hankali ki kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar da ke kula da harkar jiragen sama a Najeriya.

Tambaya: 'Yata ce ta haihu a Ingila zan je mata zaman jego wata uku. An ce min can asibiti kyauta ne, ba sai na yi inshora ba.

Amsa: Hajiya barka, Allah Ya raya. Gaskiya ne Ingila ba ta cikin Shengen kuma ba ta neman inshora kafin ta ba da bizar ziyara, amma kyautar nan ta mazauna ƙasar ce. Baƙo in ya je sashen gaggawa za a duba shi ba a karɓi komai ba, amma da zarar an ba shi gado an kwantar, lissafi ya fara, kuma kashi 150 cikin 100 na ainihin kuɗin aikin ake cajin baƙo, wato har da ƙarin rabi. In bashin ya kai fam 500 ba a biya ba, asibiti na miƙa sunan mutum ga hukumar shige da fice, ana iya hana shi biza nan gaba, kin ga jika na biyu sai dai a waya. Ki saya Hajiya, ki duba cewa ta kai kwana 90 ɗin don wasu takardun suna tsayawa a kwana 30 a tafiya ɗaya, ki faɗa musu duk maganin da kike sha. Sannan ki ba surukinki kwafi ya ajiye lambar gaggawar a wayarsa, saboda ƙa'idar kusan dukkansu ita ce a kira su kafin a kwantar ko cikin sa'o'in farko, su za su yi magana da asibiti su ɗau nauyin bil ɗin, in kuka biya da kanku ba ku sanar ba sai a dawo ana ja-in-ja. Ki kuma duba ɗan abin da suka ce ke za ki fara biya daga aljihunki kafin su ɗora, kowace takarda da nata adadin. Masu zuwa Amurka ma wannan amsar ta shafe ku, har ta fi, don can babu asibitin gwamnati irin na Ingila da zai tare ku, kwana biyu a gado sai ya cinye kuɗin gida.

Tambaya: Ni ɗalibi ne zan tafi karatu waje. In yaƙi ya ɓarke kamar yadda aka yi a Sudan, inshora za ta kwaso ni?

Amsa: Ɗana, galibi a'a. Yaƙi da tarzoma suna sahun farko na abin da ake cirewa. Da faɗa ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, gwamnati ce ta kwaso ɗalibanmu, da yawansu a motoci zuwa iyakar Misra inda suka yi kwanaki a tsaye kafin jirgi ya ɗauko su daga Aswan, haka na Yukren a 2022 ta ƙasashen maƙwabta aka fito da su. Abin da ya taimaki mutane a lokacin shi ne fasfo a hannu ba a ofishin makaranta ba, ɗan kuɗi tsaba, da suna a rajistar ofishin jakadancinmu da ƙungiyar ɗalibai. Ka yi wannan a satin farko da ka sauka. Ita kuma inshorar tafiya ta 'yan kwanaki ba ta zaman shekaru ba ce, ka tambayi makarantar wace inshorar lafiya ƙasar ke wajabta wa ɗalibai, a Ingila misali fam 776 ɗalibi ke biya na kowace shekara tare da kuɗin biza.

Tambaya: Direba ne ni, ina kai kaya Kwatano da Akara, wani lokaci Marwa. Katin ruwan ƙasa da nake yi ya isa in na yi rashin lafiya a hanya?

Amsa: Bai isa ba maigida. Katin nan na ECOWAS da aka kafa tun 1982 ɓarnar da motarka ta yi wa wani yake biya, in ka buge mutum ko ka daki motar wani a Benin ko Togo ko Gana, amma jikinka da na yaron motarka da kayan da ka ɗauko ba sa ciki. Kuma Marwa a Kamaru take, su da Chadi ba sa cikin wannan tsarin, nasu katin ruwan hoda ne na ƙungiyar CEMAC, don haka in za ka tsallaka ta Banki ko Gamboru ka tanadi tasu inshorar motar a kan iyaka. Na jikinka kuma, tunda kusan kullum kana hanya, ka nemi kamfani ya yi maka ta shekara guda mai ɗaukar tafiye-tafiye da yawa, ka gaya musu sana'arka tuƙin babbar mota ce su rubuta a takardar, don wasu ba sa biyan raunin da aka ji a bakin aiki in ba a faɗa musu tun farko ba, ka sa yaron motar ma a ciki.